Turarena da Ƙirjin Maigida

Ni dai ban taɓa yarda akwai macen da ta fi ni iya haɗa turaren wuta a Tudun Wada ba, kuma har yau ban canza ra'ayi ba. Wanda ya ce cika baki nake yi, ya je ya tambayi matan da muka yi zamani tare. A wajen mahaifiyata na koya, ita kuma a wajen tata uwar, wadda ta taso daga Barno. Kajiji, itacen sandal, farcen turare, sukari da madarar turare, kowa ya san waɗannan, a kasuwa ake sayar da su. Amma sanin lokacin da za a sauke sukarin daga wuta kafin ya yi ɗaci, da sanin kwana nawa haɗin zai yi a rufe a kwalba kafin a taɓa shi, wannan a hannu yake. Amare daga Maitumbi har Chanchaga, nawa suke nema.

An kawo ni Minna shekara guda bayan an mai da ita babban birnin jiha, lokacin da garin ke cika da ma'aikata, kowa na neman ɗakin haya. Mu mun samu ciki da falo a wani gida mai tsakar gida babba da bishiyar mangwaro, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Maigidana a jirgin yake aiki. Yakan bi hanya kwana uku ko huɗu, sannan ya dawo ya huta biyu. Mutum ne dogo, mai sanyin magana, wanda in ka taka shi, shi zai ce maka sannu. Ni kuwa Allah bai yi ni haka ba.

Ranar dawowarsa, da na ji kukan jirgin la'asar, sai in tashi. In rufe tagogi ruf, in saki labule, in ɗebo garwashi a kasko, in zuba turare da hannu a sake. Falo da uwar ɗaki sai sun turnuƙe, har agogon bango sai ka matsa kusa kake ganin hannunsa. Kayan da zai sa in ya yi wanka, ina shimfiɗa su a kan kabbasa, wato kwandon nan da ake kifawa a kan kasko, su sha hayaƙi har cikin zare. Matashin kansa ma haka, da zanin gado. Abin da mahaifiyata ta koya mini ke nan: miji ya tarar da ƙamshi a bakin ƙofa tun kafin ya ga fuskarki. Mace ba ta buɗe baki ta ce wa mijinta ta yi kewarsa, a zamaninmu dai ba a yi. Da turare ake faɗa. Ni kuwa ina da abin faɗa da yawa.

A shekara ta shida da aurenmu ya fara tari. Tari ne busasshe, marar majina, wanda ba ya jin zuma, ba ya jin lemun tsami. Daga baya ƙirjinsa ya fara fito in yana numfashi, ƙara siririya da za ka ji daga inda kake zaune. Ya je asibiti shi kaɗai, ya dawo ya ce an ce asma ce, ya nuna mini ƙwayoyi da wani ɗan abu da ake matsawa a baki a shaƙa. Na ce asma kuma, da girmanka? Ni a sanina ciwon yara ne. Ya ce haka dai aka ce.

Kowa ya samu abin ɗora wa laifi. Abokan aikinsa suka ce hayaƙin kan jirgi ne, shekara da shekaru yana shaƙa. Surukata, da ta zo duba shi, ta ce sanyi ne ya kama masa ƙirji, kada in kuskura iska ta taɓa shi. Wannan magana ta zauna mini daram. Na samo tsummoki na toshe duk wata kafa a jikin tagogi. Na ƙara labule mai kauri. In damina ta sauka, ruwa ya hana girki a waje, sai in shigo da risho falo in dafa masa ruwan zafi a kusa da shi. Sauro kuwa, ka san Minna da damina, sai in kunna maganin nan mai kama da gammo in ajiye a ƙarƙashin gado. Duk wannan kula ce a wajena. In an ce a nuna macen da ke jinyar mijinta da gaske a unguwar nan, da ni zan fara ɗaga hannu.

Akwai wata Juma'a da ba na mantawa. Ya dawo daga masallaci lafiya ƙalau, har yana tsokanar yara a zaure. Ni kuma na turara ɗakin na musamman saboda ranar. Ya shiga, ya cire babbar riga, na fita ɗauko abinci. Da na dawo da tire, na tarar da shi a bakin gado, hannuwansa dafe da gwiwoyi, kafaɗunsa na hawa da sauka. Idanunsa sun firfito. Na ce, "Maigida, lafiya?" Bai iya amsawa ba, sai hannu da ya ɗaga mini. Leɓensa ya canza launi. Na saki tiren, na fita ba ko mayafi.

Muna da maƙwabciya nas, 'yar ƙabilar Gbagyi, mace mai jiki da murya, wadda mijinta malamin makaranta ne. Hausarta irin ta Minna ce, kowa namiji ne a bakinta. Ta shigo da jakarta, tana taka ƙofar ta ja da baya tana kaɗa hannu a gaban hanci.

"Kai, Maman yara! Mijinka yana neman iska, kai ka rufe shi a nan? Buɗe taga!"

Na ce sanyi ne ke damunsa.

"Wane sanyi? Buɗe, na ce!"

Ita da kanta ta fizge labulen, ta tura tagar har tsummokina suka zube. Ta sa muka fito da shi gindin mangwaro, ta yi masa allura, ta zauna har numfashinsa ya daidaita. Da za ta tafi ta ja ni gefe ta ce wannan hayaƙin da nake yi ya yi yawa, in rage. Na yi mata godiyar allura, amma a raina na ce ji wannan mata. Ke da ɗakinki ke warin maganin asibiti, ke za ki koya mini yadda ake gyara ɗakin miji? Abin da ake yi wa amare da sarakuna, shi zai cutar da mutum? Tana fita na mayar da tsummokina inda suke.

Bayan wannan aka tausaya masa a wajen aiki, aka sauke shi daga jirgi aka ba shi zaman ofis a tasha, don ya rabu da hayaƙin inji. Muka yi murna, har na yi waina na raba. Yanzu kullum yana gida. Kullum kuwa sai na yi turare, safe da yamma, tunda kullum ranar dawowa ce.

Sai ciwon ya ƙaru. Mutumin da ke zuwa tasha da sassarfa, ya koma sai ya tsaya sau uku a hanya. Wuyansa ya zurma, rigunansa suka yi masa yawa. Sau biyu a wata guda aka kwantar da shi a asibiti. Can yakan murmure cikin kwana uku, a sallamo shi, in tarbe shi da ɗaki a turare, kafin mako ya zagayo mun koma gidan jiya. Tsoro ya shige ni, ba zan ɓoye ba. Ina da yara huɗu, babbar ba ta gama firamare ba. Nakan tsaya da wanke-wanke a hannu in dube shi yana zaune yana kokawa da numfashi, in ce a raina, shi ke nan, mutumin nan tafiya zai yi ya bar ni. Ba wanda na faɗa wa. A waje ina nan yadda aka san ni, da faɗa da tsawa.

Ana haka ƙanena, wanda ke fatauci tsakanin Kano da Jidda, ya zo gaishe mu da wani kwali a kafaɗa. Ya buɗe, ga wata na'ura mai ruwan toka, girman ƙaramin akwatin talabijin, da ramuka a gaba da baya.

"Yaya, wannan iska take tacewa," in ji shi. "Ta wannan gefen take zuƙa, ta wancan ta fitar da mai kyau. Can masu irin ciwon Yaya Malam duk suna da ita."

Ya ɓalle murfin baya ya nuna mini wani abu fari fat a ciki, mai lanƙwasa-lanƙwasa, kamar auduga da aka danne. Ya ce shi ne matacin, duk dattin da ke cikin iska nan yake maƙalewa. Na ce ɗakina ba datti, amma tunda ka ɗauko tun daga ƙasa mai tsarki, ajiye. Muka jona ta a kusa da gado. In akwai wuta, tana ta gurnani a hankali. In an ɗauke, ta yi shiru, mu ma mu yi.

Maigida ya ɗan samu sauƙi, kaɗan dai, amma na lura. Sai dai na lura da wani abu kuma, wanda ya fi tsaya mini a rai. Ƙamshina ya daina zama. Da, in na turara da safe, har la'asar wanda ya shigo sai ya ce, kai, gidan nan! Yanzu kafin azahar ɗakin ya koma salam, kamar ɗakin gwauro. Na zargi kajijin da na saya, na je na yi wa mai sayarwa tas. Na canza sandal. Daga baya na gane ashe akwatin nan ne ke shanye mini aiki. Tabɗi! Na tsaya a gabanta riƙe da ƙugu na ce, to, ni da ke. In da cokali ɗaya nake zubawa, na koma biyu. Na ƙara turarawa da rana tsaka. Wani lokaci don mugunta a gabanta nake ajiye kaskon, in ga iya cin nata. Mace da hankalinta, uwar 'ya'ya huɗu, tana gasa da akwati. Ɗan sauƙin da Maigida ya samu kuwa ya gudu.

Mako biyar muka yi a haka, sai ta fara ƙara irin ta wahala, iskar da take fitarwa ta rage. Na ce madalla, kin gaji. Amma kuma kayan mutane ne, an kawo don mara lafiya, ƙanena ya koma Kano. Wata safiya bayan Maigida ya tafi aiki, yara sun tafi makaranta, na cire ta daga wuta, na sa bakin wuƙa na ɓalle murfin kamar yadda na ga an yi.

Abin nan da na gani fari fat ya koma ruwan ƙasa mai duhu, wajen tsakiya baƙi ƙirin. Na taɓa, ya manne mini a yatsa, danƙo-danƙo kamar gindin tukunyar da aka ƙona sukari. Na ce wannan ƙurar titi ce, ko kuwa risho. Sai na kai shi hanci.

Nawa ne. Ko a cikin turare ɗari aka jera, na san hannuna. Ga kajijin, ga sandal, ga farcen da ni kaɗai ke soya shi haka. Ba warin kananzir, ba ƙura, ko akwai ma nawa ya danne su. Na zauna a ƙasa da abin a cinya. Na ce wannan akwati mako biyar kawai ta yi tana shaƙar ɗakina, ga yadda cikinta ya koma. Maigida kuwa shekara goma sha ɗaya, kuma ba shi da murfin da za a ɓalle a duba. Na tuna yadda yake dawowa daga hanya garau, ya kwana biyu a gida ya fara tari. Na tuna asibiti. Na tuna nas da abin da na ce mata a raina. Kunya ta rufe ni, ni kaɗai a ɗaki.

Ban yi kuka ba, ba halina ba ne. Tashi na yi na ɗaura ɗamara. Na fizge labulayen duka na jiƙa a baho. Na tsige tsummokin tagogi na watsa a shara, na buɗe kowace taga har ƙarshe. Katifa, matasai, darduma, duk na fitar rana. Kayansa da ke cikin akwati, waɗanda na turara da hannuna, na wanke su ɗaya bayan ɗaya, ruwan na fita rawaya. Na goge bango da ruwan sabulu, sai ga asalin fentin ya fito, ashe shuɗi ne mai haske, na manta. Kwalaben turare da kasko da kabbasa na kwashe na kai ɗakin ajiya na bayan gida. Risho ya koma kicin. Na aika aka sayo gidan sauro. Matan gidan suna leƙe suna tambaya ko biki za mu yi, na ce eh, biki ne.

Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi tagogi, ya dube ni. Na ce kwalima nake yi, ɗakin ya yi nauyi. Ya cire takalmi ya shige. Ni kuma ban faɗa masa dalili ba, don ina so in tabbatar. Ko sabon haɗi na yi, ba na sayarwa sai na gwada.

Kwana uku, fiton ƙirjin ya ragu. Kwana goma, ya cinye tuwo malmala biyu ya nemi ƙari. Ba warkewa ya yi ba, asma ba ta barin mutum haka, abin shaƙarsa na nan a aljihu, kuma in hadari ya haɗo yakan ji a jikinsa. Amma mutum ya dawo mutum. Sai wata rana na haɗa turaren wata amarya a bayan gida, na shigo da kayan jikina ban canza ba, na miƙa masa ruwa. Kafin ya kai kofin baki ya fara tari. Na koma da baya, na je na yi wanka na sauya zani. Ban ƙara neman wata shaida ba. Washegari na dafa dambu na kai wa nas, na ce mata ta yi gaskiya. Ta ce, "Ai na gaya maka." Na haɗiye, don na ci a gaya mini.

Saura Maigida. Wannan ya fi mini wuya, don ban saba cewa na yi kuskure ba, bakina bai san hanyar ba. Ranar wata Asabar bayan la'asar yana zaune a tabarma gindin mangwaro, gidan ba kowa, na ɗoro matacin nan a faranti na ajiye a gabansa, na durƙusa.

"Maigida, dubi wannan. Daga cikin akwatin nan na ciro. Turarena ne. Shi ne ciwonka, ba jirgi ba, ba sanyi ba. Ni ce nake ta cutar da kai shekarun nan ban sani ba. Ka yafe mini."

Ya dubi farantin, bai ko taɓa ba. Ya ce, "Na sani."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Ka san me?"

"Tun zuwana asibiti na farko likita ya tambaye ni abin da ake ƙonawa a ɗaki. Na faɗa masa. Ya ce a daina. Ko kafin ya faɗa ma ni na lura, in ina kan hanya ƙirjina a sake yake."

"Shekara biyar ke nan fa!"

"Za a yi haka."

"Kuma ka yi shiru?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Ya ce, "To, ta yaya zan faɗa? Mutum ya dawo gida, matarsa ta tashi ta yi masa abin da ta fi iyawa a duniya, sai ya ce mata ɗauke, yana cutar da ni? In na shigo na ji ƙamshin nan, na san an yi marmarin dawowata. Ban san yadda zan ce ki bari ba, ba tare da kin ji kamar ke na ce ba na so ba. Na ce zan iya daurewa."

Wallahi da na zo da niyyar neman gafara, amma ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Kawaici! Ana kawaici da abinci in gishiri ya yi yawa, ana kawaici da baƙon da ya daɗe. Wa ya taɓa kawaici da numfashinsa? Na ce, "Sau nawa aka ɗauke ka ranga-ranga? Sau nawa na tsaya a bakin asibiti ina jiran abin da likita zai ce? Da ka mutu fa? Da me zan ce wa 'ya'yanka, ni na kashe musu uba da kasko?"

A hankali ya ce, "Ai da ba za ki sani ba."

Nan ne hawayen suka zo, na takaici, masu zafi. Wato ya riga ya shirya, zai tafi abinsa, ya bar ni ina tsine wa jirgi har ƙarshen rayuwata, ina yabon kaina a kan jinyar da na yi. Kuma a ganinsa alheri ya yi mini. Ban taɓa jin haushin mutum irin na ranar ba, ban kuma taɓa jin ina son mutum haka ba, duk a lokaci guda, har na rasa wanne zan fara da shi. Na goge fuska da bakin zani, na nuna shi da yatsa, abin da ban taɓa yi ba tunda aka kawo ni gidansa.

"To ka saurara da kyau, Malam. Daga yau in abu na damunka ka buɗe baki ka faɗa, ko ni ce abin. In ka sake ɓoye mini irin wannan, wallahi ba sai turare ba, da hannuna zan shaƙe ka in huta."

Ya ɗago ya dube ni, ina tsaye ina huci, ɗankwali ya zame. Sai ya fashe da dariya, doguwa, tun daga ciki, har yana dukan tabarma da tafin hannu, har hawaye. Ni kuwa na ƙame a wurin, na kasa kunne ina jiran tarin ya biyo baya. Na jira, na jira. Ya gama dariyarsa, ya share ido, ya ce in akwai sauran kunu in kawo masa.